Yadda Aka Cire Ummi Daga Nono

Assalamu alaikum. Ni tela ce, ba marubuciya ba, kuma duk wanda ya san ni a Hadejia ya san bakina ya fi kekena gudu. Amma abin da ya same mu a daminar da ta wuce ya ƙi sauka daga ƙirjina. Ƙanwata Kulu ta yarda in faɗa, da sharaɗin in sauya sunaye in kuma ɓoye sunan ƙauyenmu, kuma na yi hakan. Labarin jinyar 'yarta ne, Ummi, da kuma Baffanmu, wanda har gobe ban san mutumin da ya fi shi ƙaunar mu ba.

Kulu tana ɗauke da cikin fari aka gaya mata a wurin awo cewa tana da cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda mutane ke kira ƙanjamau. Aka gwada mijinta Modu, mai walda ne a bakin kasuwa, shi ma aka samu. Wa ya kawo wa wani, ban tambaya ba, ku ma kada ku tambaye ni. Ni kaɗai suka gaya wa, sai daga baya Innarmu. Suka kama magani su biyu, ƙwaya ɗaya kullum, Kulu ta yi ƙiba ta yi haske har maƙwabta suna cewa cikin ya karɓe ta.

Ni nake raka ta asibiti, don haka da kunnena na ji komai. Wadda ke duba ta wata Sista Rakiya ce, gajeruwa mai murya kamar ta mai tallan kifi, ba ta da wasa amma tana da kirki. Abu guda take maimaita mana har na haddace.

"Kulu, ki dube ni. In kin haihu, nono za ki ba shi. Nono zalla, ko ruwa ban yarda ba, har wata shida. Ki sha maganinki, ki ɗiga wa jariri nasa, ki ba shi nono. Kin ji ko in sake?"

Na ce, "Sista, ba a nonon ake ɗauka ba?"

Ta ce, "Da can ne, lokacin da babu wannan maganin. Yanzu an auna jininta, cutar ta kwanta, ko na'ura ba ta ganin ta. Abin da nake tsoro ruwan randarku ne, ba nononta ba."

Kulu ta haihu lafiya a asibiti, mace, aka sa mata sunan mahaifiyar Modu, muna kiran ta Ummi. Makon farko tana kama nono kamar za ta cinye uwar, kumatunta har sheƙi suke yi. Bayan suna, yadda aka saba da haihuwar fari, muka ɗauki mai jego zuwa gida wanka. Ƙauyenmu yana can cikin fadama, inda in ruwa ya yi yawa kogi ke shigowa gonaki ba sallama. Sista ba ta so tafiyar ba, amma wa zai hana Inna yi wa 'yarta wankan fari? Sista ta haɗa wa Kulu maganin da zai ishe ta, ta ba mu ruwan maganin Ummi, ta ce mu dawo gwajin jini in yarinya ta yi mako shida.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Baffa Sale. Ƙanen mahaifinmu ne, kuma tun rasuwar Baba shi ne uban gida. Shi ne malamin asibitin ƙauyen tun kafin a haife ni. Shi ya yi wa rabin garin allurar rigakafi, shi ake tasa in maciji ya sari mutum a gona, kuma a zamanin da cutar nan ke kwashe mutane babu magani, shi kaɗai ke shiga ɗakin mai ita ya wanke shi ba ya ƙyama. Sau ɗaya aka taɓa tura shi kwas a kan ƙanjamau, shekaru masu yawa da suka wuce. Tun daga nan duk kwas ɗin da aka kira, sunan waɗanda ke kusa da ofis ake turawa, na cikin fadama sai dai su ji labari.

Washegarin isowarmu ya shigo ganin jika. Ya ɗauke ta yana mata wasa, sai idonsa ya faɗa kan kwalbar maganinta a bakin gado. Ya ɗauka ya karanta, ya dubi Kulu, ya dube ni. Fuskarsa ta sauya. Ya ce Inna ta rufo ƙofa.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A hankali ya tambayi Kulu yaushe ta sani, tana shan magani a kan lokaci, ya sa mata albarka. Sannan ya ce, "Amma nono, daga yau an gama."

Na ce, "Baffa, a asibiti cewa aka yi ta ba ta."

"Talatu, na binne yara da hannuna saboda nonon nan. Ba labari aka ba ni ba. A kwas likita ya tsaya ya zana mana a allo yadda cutar ke bi ta nono ta shiga jikin jariri. Duk tsotsa ɗaya kasada ce."

"An ce abin ya canja, Baffa."

"Cuta ce ta canja, ko nono?"

Na fita bayan gida inda ake samun layi, na kira Sista Rakiya, na kawo masa wayar. Ya karɓa, suka gaisa cikin mutunci. Ina jin muryarta tana fitowa tana bayani, shi yana cewa to, to, madalla. Da ya kashe ya miƙo mini wayar ya ce, "Yarinyar tana da ladabi. Amma in 'yar nan ta kamu, ita ba za ta zo jana'iza ba, ni zan zo." Kulu kuwa kanta na ƙasa. Ummi 'yar fari ce, ko sunanta Kulu ba ta iya faɗa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta yi jayayya a kanta.

Sai Inna ta kawo abin da ya fi damun ta. Mai jego a ƙauye ba ta daina ba da nono a ɓoye. Mata na shiga suna fita daga safe har yamma, kowace idonta na kan ƙirjin mai jego. In aka ga gwangwanin madara, kafin la'asar an tambayi dalili, kafin magariba an samo shi. Inna ta ce ta san yadda za a yi.

Ga wanda bai taso a ƙauye ba, akwai gwajin da tsofaffi ke yi wa nono. A tatsa a ludayi, a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya. In ta mutu a ciki, an ce mugun nono ne, ba a ba yaro. Inna ta fara yaɗa cewa Ummi tana yawan kuka bayan ta sha, sannan ta aika aka kira Gwaggo Tabawa, ungozomar gari. Da hantsi mata suka taru a tsakar gida. Aka tatsi Kulu. Inna da kanta ta kamo tururuwa daga gindin katanga, kuma ina kallon yatsunta lokacin da ta ɗan murza su kafin ta miƙa. Aka jefa. Suka ɗan motsa ƙafa, suka tsaya.

Gwaggo Tabawa ta yi salati ta ce, "Wannan ai guba ce! Allah Ya tsare, da an kashe yarinya."

Jinina ya hau. Na yunƙura zan tashi, sai Kulu ta damƙe gefen zanena. Ba ta dube ni ba, bakinta kawai ya motsa, ta ce, "Yaya, don Allah." In na ce ƙarya ne, za a ce to me ya sa uwa za ta yi wa 'yarta ƙarya, kuma amsar sirrin Kulu ce, ba nawa ba. Na koma na zauna ina ji mata suna yi wa Inna barka da an gano da wuri.

A ranar na koma Hadejia, kai tsaye shagon Modu. Na ce ya kira Baffa ya ce 'yarsa ce, nono yake so a ba ta. Ya kira a gabana. Mutumin da ke daka wa yaran shagonsa tsawa sai ga shi ya durƙusa da waya a kunne kamar Baffa na ganin sa. Abin da na ji ya ce kawai, "Yadda kuka gani, Baffa. Ku ne manya." Na ce masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ya sayi gwangwanayen madara ya aika da su, kuma kuɗinsu ya cinye abin da ya tara na gyaran injinsa.

Sista Rakiya ta ce in dawo da Kulu da Ummi maza tun nono bai ƙafe ba. Na shirya zan koma, sai sama ta buɗe. Ruwa aka yi kamar ba za a daina ba, kogi ya cika ya tumbatsa, ciyawar kacalla ta toshe masa hanya, ya juyo ya bi ta gonaki. Hanyarmu ta yanke. Masu kwalekwale suka ce ba za su ɗauki kowa ba sai igiyar ruwa ta lafa, don an riga an yi kifewa a wani mashigi.

Mako na uku da na huɗu da haihuwar Ummi a waya na yi su. In layi ya shiga, Kulu ta ce lafiya lau. In na ce ina Ummi, ta ce tana barci. Kullum tana barci. Inna ta ce ɗan zawo ne na jarirai, an jiƙa mata sassaƙe. Na ce kada a ba ta komai, Inna ta ce ni da na haifi uku kacal zan koya mata raino. Na daina cin abinci sosai, na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai har sau biyu. Wata rana na ce Kulu ta kara wayar a bakin yarinyar in ji kukanta. Ta ce, "Yaya, ba ta cika kuka ba yanzu."

Washegari na je bakin ruwa na zauna a cikin kwalekwalen wani dattijo na ce ba zan fita ba sai ya ƙetare da ni. Ya ƙare mini kallo, ya ce Allah Ya jiƙan mijina da rai, ya ɗauki sandarsa.

Abin da na tarar ba zan manta ba. Rabin katangar gida ta zube, rijiya ta haɗe da ruwan da ya bi ta bayan gidaje da turken dabbobi. A tsakar gida ga ƙatuwar tukunyar wankan jego tana tafarfasa, don ɗan busasshen icen da ya rage duk a can yake ƙarewa, safe da yamma. Madarar Ummi kuwa da ruwan randa ake dama ta, saboda in yarinya ta farka da yunwa ba mai jiran a hura jiƙaƙƙen ice. Gwangwani ya kusa ƙarewa, hanya a rufe, sai Inna ta riƙa rage cokali tana ƙara ruwa don ya kai. Baffa ya ce a tafasa ruwa, wannan gaskiya ne, ya faɗa ya nanata. Amma shi kansa yana can asibitinsa a kan mutane masu amai da gudawa, shi kaɗai, ba ya shigowa gida sai ya yi wujiga-wujiga.

Na buɗe zanin da aka lulluɓe Ummi. Kumatun nan babu su. Maɗigarta ta faɗa, idanunta sun zurma, fatar cikinta in ka ja sai ta tsaya a tattare. An shafa mata wani baƙin haɗi a ka wai na ciwon maɗiga. Ta buɗe baki za ta yi kuka, sauti bai fito ba.

Na ce, "Kulu, ɗauke ta ki sa ta a nono. Yanzu."

Gwaggo Tabawa tana zaune a bakin ƙofa da wasu mata biyu. Ta miƙe ta tare. "Ke Talatu, kin haukace? Nonon da ya kashe tururuwa a gabanmu? Ƙarasa ta za ki yi?" Ɗaya matar ta ce in nono ake so ga surukarta tana goyo, a kai mata. Wata ta ce mayu ne, a nemo rubutu. Na juya na dubi Inna. Ita kaɗai za ta iya warware abin da ta ƙulla, kuma ta san in ta warware, ta tona 'yarta. Ta tsaya da ludayi a hannu, ta kau da kai.

Ban san Kulu tana da wannan zuciyar ba. Ta tashi, ta ɗauki 'yarta a gaban kowa, ta shige ɗaki ta sa sakata. Mata suka hau salati suna buga ƙofa. Da ta buɗe mini na shiga, na same ta tana matsa ƙirjinta da hannu biyu, hawaye na zuba. Ɗigo biyu ne suka fito, kamar ruwa. Ummi ta kama ta saki, ba ta da ƙarfin ja.

Aka kira Baffa. Ya shigo da gudu, ya duba Ummi. Ya nemi jijiya ya sa mata ruwa, ya nema a hannu, ya nema a ƙafa, bai samu ba. Ya ɗago ya ce, "A tafi Hadejia." Shi ya riƙe ta a kwalekwale, ya tsugunna ya kare ta daga rana da babbar rigarsa, yana ɗiga mata ruwan gishiri da sukari da ɗan cokali.

A asibiti mun sami layi har waje, don ambaliyar ta koro yara daga ko'ina, daga wajen Miga, daga Kaugama, gado ɗaya yara biyu. Na kira Sista Rakiya. Ta bar abin da take yi ta zo, ta dubi Ummi sau ɗaya, ta karɓe ta ta ratsa layin da ita tana cewa a ba ta hanya. Ba ta ce mana ai na gaya muku ba, ko sau ɗaya, kuma wannan alherin ba zan manta mata da shi ba. A jijiyar kai aka samu aka sa ruwa. Aka zura mata siririyar roba ta hanci.

Likitan yara matashi ne, bai kai ɗan Baffa na fari ba. Ya tambayi wa ya ce a cire ta daga nono. Baffa ya ce, "Ni ne." Na zaci likita zai yi masa tsawa, har na shirya jin daɗin hakan, Allah Ya yafe mini. Sai ya jawo kujera ya ba shi, ya tambaye shi yaushe rabonsa da kwas. Baffa ya faɗa masa.

Likita ya ce, "Baba, abin da aka koya muku daidai ne a lokacinsa. Ilimin ne ya yi gaba, ba a aiko muku ba. Uwar da ke shan maganin yanzu ba fashi, aka auna jininta aka ga cutar ta kwanta, da wuya ƙwarai jaririnta ya ɗauka ta nono. Amma madarar gwangwani da ruwan ƙauye a damina, ita ba ta jira."

Baffa ya ce, "Ba wanda ya gaya mini."

Na ce, "An gaya maka, Baffa. A waya."

Na yi nadamar faɗa tun kafin in rufe baki.

Mako na shida ya zo da ɗan sauƙi. Zawon ya ragu, maɗiga ta ɗan taso. Sista ta ce nono yana iya dawowa in aka dage, don haka aka sa Kulu tana ɗora Ummi a ƙirji kowane lokaci, tana tatsa, ana zuba ɗan abin da aka samu ta robar hanci. Na riƙa dama mata kunun gyaɗa ina tsaye a kanta sai ta shanye. Modu ya rufe shago ya tare a barandar asibiti, yana sayo allurai, ya sayar da babur ɗinsa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Baffa ya koma ƙauye saboda marasa lafiyarsa, amma kullum sai ya kira sau uku. Aka ɗebi jinin Ummi a dunduniya don gwajin cutar, aka ce sakamako sai bayan makonni. Wata safiya ta buɗe ido ta kama yatsana, na fita baranda na yi ta kuka don murna.

Bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya rufe ta. Likita ya ce ƙwayar cutar da ta shiga ta ciki ta haura jini, kuma jikinta ya riga ya yi rauni. Aka sauya allura. Maganin da ya rubuta babu a kusa, Modu ya zagaye gari bai samu ba, sai da aka aiko da shi daga Kano a motar haya. Numfashinta ya koma sama-sama. Muka zauna muna kallon ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka, in ya ɗan jinkirta sai zuciyata ta tsaya. Dangi suna kira, wannan ya ce a cire robar hancin ita ke wahalar da ita, wancan ya ce a kawo ta gida a yi na gargajiya. Na kashe wayata.

Ranar wata Laraba, ana kiran sallar azahar, Ummi ta cika a hannun uwarta. Ba ta kai wata biyu a duniya ba.

Kulu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don an ce ba a yi wa ɗan fari kuka. Masu gaisuwa suna yaba haƙurinta. Kwana biyu da binnewa ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta buɗe mayafinta. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Nonon da muka yi ta nema ya dawo, ya cika har yana mata ciwo. Ta ce, "Yaya, wa zan ba?" Na rungume ta, a nan ne ta yi kukanta.

Ina godiya ga Sista Rakiya da likitan nan da ma'aikatan ɗakin yara da suka yi aiki ba hutu, da dattijon da ya ƙetare da ni. Allah Ya saka musu. Amma ina da ƙorafi, kuma saboda shi na zauna na yi wannan rubutu. Ku masu tura ma'aikatan lafiya kwas, ku tuna da na cikin fadama. Mutumin da gari guda ke jin maganarsa, in kuka bar shi da ilimin da ya tsufa, ba shi kaɗai kuka bari ba. Mu ba Sista muke ji ba in mun koma gida, Baffa muke ji. Ku kuma masu jego da ke shan wannan magani, in aka gaya muku abu biyu masu karo da juna, ku koma wurin wanda ya auna jininku kafin ku cire yaro daga nono, ko da wanda ya ce a cire ubanku ne.

Bayan ruwa ya janye, Baffa ya sa rigarsa ya je ofis da ƙafarsa ya ce a sa sunansa a kwas na gaba. Aka ce ya kusa ritaya, gurbin na matasa ne. Ya ce to zai zauna a baya, ba ya son kuɗin zama, ba ya son abinci. Sista Rakiya ce ta yi masa magana aka bar shi. An ce mini shi ne farkon zuwa kullum, da furfurarsa a cikin sa'o'in 'ya'yansa, yana ɗaga hannu yana tambaya.

A cikin kwanakin nan sakamakon Ummi ya fito. Sista ta kira mu ofishinta ta gaya mana da bakinta. Da muka fito Kulu ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya wa Baffa. Inna ta ba ta labarin cewa tun rasuwar yake faɗa wa kansa wataƙila yarinyar ta riga ta kamu tun makon da ta sha nono, shi ya sa jikinta ya kasa. Kulu ta ce, "Da wannan yake samun barci, Yaya. Ki bar masa." Na yi mata alkawari ba zan kai masa maganar ba.

Ranar da aka gama kwas, da la'asar, ina kan keke sai na ji sallamarsa a ƙofar shago. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na ba shi kujera, na kawo ruwa, bai sha ba. Ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Sannan ya ce a kwas an gaya musu tsawon lokacin da gwajin jarirai ke ɗauka, kuma ya lissafa ya ga na Ummi ya daɗe da fitowa.

"Talatu, ke ba kya iya ɓoye magana. Gaya mini."

Na ce, "Baffa, a bar maganar nan."

"Akwai mata masu ciki da ke jira na a ƙauye. In zan tsaya a gabansu, sai na sani. Gaya mini."

Na cire ƙafata daga kan keke. Na ce, "Ba ta ɗauka ba, Baffa. Jininta babu komai."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ci gaba da gyaɗawa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana kallon cikinta. Can ya ce, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba, "Ashe lafiyarta ƙalau kuka kawo mini ita."